Takalmin Mai Ciwon Suga: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da masu ciwon suga da masu kula da su suka fi maimaitawa a Sakkwato da kewaye. An sa musu lamba saboda wata amsar takan tura ka zuwa wata.

1. Me ya haɗa ciwon suga da takalmi?

Idan suga ya daɗe yana sama, abu biyu yake ɓatawa a ƙafa. Na farko, jijiyoyin da ke kai saƙon zafi da taɓi zuwa ƙwaƙwalwa. Abin kan fara da raɗaɗi ko jin kamar ana tsira allura da dare, daga baya ƙafar ta dushe, mutum ya taka ƙusa ko garwashi bai sani ba. Na biyu, hanyoyin jini. Suna ƙuntata, jinin da ke isa yatsu ya ragu, ƙaramin rauni ya ƙi warkewa, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. Lalacewar jijiya kuma takan hana ƙafa yin gumi, fata ta bushe ta yi faso, yatsu su lanƙwashe, nauyin jiki ya taru a wuri guda.

Mai lafiyayyar ƙafa in takalmi ya matse shi zai ji, ya ɗingisa, ya cire. Wanda jijiyarsa ta mutu kuwa zai wuni a ciki yana harkokinsa, sai da dare ya ga jini a safa. Galibin yanke ƙafar da ake yi wa masu suga da ɗan gyambo abin ya soma, kuma takalmin da bai dace ba da tafiya ba takalmi suna cikin manyan abubuwan da ke buɗe gyambon. An ƙiyasta cewa kashi 19 zuwa 34 cikin 100 na masu wannan ciwo za su yi gyambon ƙafa a wani lokaci na rayuwarsu.

2. Ƙafata ba ta yi mini ciwo. Ni ma abin ya shafe ni?

Rashin ciwo ba shaidar lafiya ba ne a nan, sau da yawa ma shi ne alamar matsalar. A asibiti ana gwadawa da wani siririn zaren roba mai danna nauyin giram 10 a wurare daban-daban na tafin ƙafa, ana kuma laluben bugun jini a saman ƙafa da bayan idon sawu. A gida ma akwai gwaji mai sauƙi: ka rufe ido, wani ya ɗora ɗan yatsansa a hankali na daƙiƙa 1 zuwa 2 a kan babban yatsa, da na tsakiya, da ƙaramin yatsa na kowace ƙafa. In ka kasa jin biyu ko fiye cikin shidan nan, ka sanar da likita.

Ƙungiyar ƙwararru ta duniya kan ƙafar masu suga, IWGDF, ta kasa mutane mataki huɗu. Wanda ji da jininsa ke lafiya, a duba ƙafarsa sau ɗaya a shekara. Wanda ya rasa ji ko jininsa ya ragu, duk wata 6 zuwa 12. In biyun sun haɗu, ko ɗaya ya haɗu da karkacewar ƙafa, duk wata 3 zuwa 6. Wanda kuma, bayan rashin ji ko raguwar jini, ya taɓa yin gyambo, ko aka taɓa yanke masa yatsa, ko ƙodarsa ta gaza, duk wata 1 zuwa 3. Na matakin farko zai iya sayen takalmin kasuwa muddin ya cika sharuɗɗan tambaya ta 3. Na sauran matakan su karanta ta 13 ma.

3. To wane irin takalmi ne ya dace?

Sau-ciki, wato wanda ya rufe yatsu da dunduniya. Gabansa ya zama mai faɗi da zurfi, yatsu su iya motsi a ciki ba tare da sun taɓa sama ba. Mai tsinin baki yana tara yatsu kan juna, ƙaramin yatsa ne kuma ke fara cin wuya. Samansa ya zama fata mai laushi ko yadi mai shan iska, ba roba ba. Sa hannu ciki ka shafa ko'ina: duk ɗinki mai tudu, ko bakin fata da ya naɗe, ko kan ƙusa, abin da zai ci fata ne.

Ƙasan takalmin ya zama mai kauri da ƙaya ko ƙusa ba za su huda ba, marar santsi, kuma kada ya naɗe gida biyu in ka lanƙwasa shi da hannu. A ciki a samu shimfiɗa mai taushi, wadda ake iya zarewa ta fi, don a wanke ta ko a canza. Bayan da ke riƙe dunduniya ya zama tsayayye, in ka danna shi da babban yatsa bai kwanta ba. Tudun dunduniya kada ya wuce santimita 2 zuwa 3. Sannan a samu igiya ko maɗauri mai mannewa. Wannan na ƙarshe mutane sun fi raina shi, alhali shi ke hana ƙafa zamewa gaba ta dinga dukan bakin takalmi, shi ne kuma ke ba da damar sassautawa in ƙafa ta kumbura da yamma. Kambas mai kyau na masu motsa jiki yakan cika yawancin waɗannan sharuɗɗa.

4. Yaya zan san girman da ya yi mini?

Kada ka dogara da lambar da ka saba, kada kuma ka aiki yaro kasuwa da ita. Lamba 42 ta wannan kamfani ba ita ce 42 ta wancan ba, ƙafa ma tana sauya fasali da shekaru. Mafi muhimmanci, kada ka dogara da yadda ka ji. Mai mutuwar jijiya ba ya jin takalmi ya zauna masa sai ya matse shi, shi ya sa da yawansu ke zaɓar wanda ya yi musu kaɗan su ce daidai ne.

Ga yadda ake yi. Bayan La'asar, lokacin da ƙafa ta gama kumburinta na wuni, ka sa safar da za ka dinga sawa ka tsaya a kan kwali, nauyinka a kan ƙafa biyu. Wani ya zagaye kowace ƙafa da biro yana riƙe da shi a miƙe. A yanke zanen da almakashi, ka tafi da shi kasuwa. Zura kwalin cikin takalmin ka zaro: in gefensa ya tanƙware, takalmin ya yi ƙunci, ko da mai shago ya rantse zai buɗe. Tsawon cikin takalmi ya ɗara yatsanka mafi tsawo da santimita 1 zuwa 2, kusan faɗin babban yatsan hannu, kuma a wasu mutane na biyu ne mafi tsawo ba babban ba. In shimfiɗar ciki tana fita, zare ta ka tsaya a kai. Duk inda ƙafa ta zubo waje, nan ne takalmin zai ci. Ƙafar da ta fi girma ake saya wa, a gwada duka biyu a tsaye, a ɗan taka.

Mai yawa ma ba tsira ba ne. Ƙafa tana yawo a ciki, gugar ta tayar da bororo a dunduniya.

5. Da zafin Sakkwato, yaya mutum zai wuni cikin sau-ciki? Silifa da fade ba za su yi ba?

Ƙorafin gaskiya ne. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, ga babbar riga ba ta cika tafiya da kambas ba. Amma wannan zafin shi ne babban dalilin rufe ƙafa. Kwalta da siminti da yashi sun fi iska ɗaukar zafi nesa ba kusa ba, da tsakar rana suna iya haura digiri 60, wanda ke ƙona fata cikin daƙiƙoƙi. Siririyar silifa ba ta tare wannan, ga gefe a buɗe, yashi mai zafi yana shiga.

Silifa mai tsinke tsakanin yatsu ita ce mafi muni. Tsinken yana gugar wurin da fata ta fi laushi da damshi, yatsu kuma dole su dinga ƙanƙamewa don riƙe ta, dunduniya tana zamewa gefe tana bushewa har faso ya buɗe. Fade da sauran takalman fata na gargajiya suna da kyan gani, amma ƙasansu siriri ne mai tauri, ba abin da ke riƙe dunduniya, wasu kuma da ƙananan ƙusoshi ake haɗa su, in ƙasan ya cinye sai kan ƙusa ya leƙo. Takalmin roba rufaffe shi kuma yana tara gumi, fata ta jiƙe ta yi fari, cin ruwa ya shiga.

Abin da ke sauƙaƙa zafin shi ne takalmi mai saman yadi ko fata mai ƙananan huji, da safar auduga marar kauri, da mallakar takalmi ƙafa biyu a dinga sauyawa: a cire na safe lokacin Azahar a bar shi ya sha iska a inuwa, a sa ɗayan. Wanda gwajin tambaya ta 2 ya nuna jinsa lafiya lau zai iya sa sandal mai kaurin ƙasa, mai rufin yatsu da maɗauri a baya, marar tsinke. Wanda ya rasa ji, a ganinmu, babu sassauci gare shi.

6. A cikin gida ma sai na sa?

Ƙwarai kuwa. Raunuka da yawa a tsakar gida ake samunsu: garwashin da ya faɗo daga murhu, fasasshen kofi, allura, tsinken tsintsiya, simintin da rana ta gasa, kunama da dare. Safa kaɗai ba takalmi ba ce. A ware takalmin gida mai rufin gaba da kaurin ƙasa, a ajiye shi bakin gado don fitar dare. Na banɗaki ya zama daban, marar santsi, kuma da an fito a tsane ƙafa a koma busasshe. Da hunturu, in ƙafa ta yi sanyi a sa safa; kada a miƙa ta ga kaskon wuta, domin sai ta ƙone ba a ji ba.

7. Masallaci fa, inda dole a cire takalmi?

Hatsarin yana tsakanin inda ka cire da inda ka tsaya. Ranar Juma'a, idan sahu ya fito waje har kan kwalta kamar yadda ake gani a manyan masallatan gari, ka tafi da darduma mai kauri, ka taka da takalminka har inda za ka shimfiɗa ta, sannan ka cire ka sa shi cikin leda kusa da kai. Takalmin da aka bari a rana a ƙofar masallaci, musamman baƙi ko na roba, yakan yi zafin da zai tayar da bororo. Kife shi ko ka sa a inuwa, kuma ka taɓa cikinsa da hannu kafin ka zura ƙafa.

Alwala sau biyar dama ce ta duba ƙafa sau biyar, amma ruwan da ke maƙalewa tsakanin yatsu shi ke kawo cin ruwa, daga nan fata ta tsage. Riƙe ɗan ƙaramin tawul ko hankici, ka tsane tsakanin kowane yatsa kafin ka mayar da safa. Huffi yana kare ƙafa a cikin masallaci, shafa a kansa kuma sananne ne a fiƙihu. Ka nemi malami ya yi maka bayanin sharuɗɗansa. Sai dai a kula, huffi yana ƙara wa ƙafa kauri, don haka da shi za a auna takalmin, kuma dole a cire shi kullum a duba ƙafa. Mai kanta a idon sawu saboda zaman tahiya ya ƙara taushin abin sallarsa.

Maniyyata su fi kowa kiyayewa. Ƙunar tafin ƙafa sananniyar matsala ce ga alhazai masu suga a Makka da Madina, yawanci bayan takalmi ya ɓace a ƙofar Harami mutum ya taka zuwa masauki haka nan. Ka riƙe naka a jakar wuya, da wani na ko-ta-kwana. Batun irin takalmin da mai larura zai sa in ya ɗaura harami kuma a tambayi malaman bita tun a gida.

8. Wace irin safa?

Ta auduga ko wadda ke tsotse gumi, marar ɗinki mai tudu a bakin yatsu. In akwai ɗinkin, a juya ta baibai. Bakinta kada ya matse, in ka cire ka ga ta bar zobe a ƙwauri to ta yi tsauri. Fara ko mai haske ta fi, don ɗigon jini ko ruwan miki zai nuna. A canza kullum, a jefar da mai huji ko faci.

9. Na sayi sabo na Sallah. Zan iya sa shi ranar Idi kai tsaye?

A'a. Tafiyar filin Idi da kallon hawa da yawon gaisuwa cikin sabon takalmi hanya ce ta kwana da miki. Ka saya da aƙalla mako biyu a gaba. Ranar farko ka sa na awa 1 a gida, ka cire takalmi da safa ka duba. Kashegari awa 2, haka ake ƙarawa a hankali. Abin da ake nema shi ne shatin matsi a gefen ƙaramin yatsa, da kan gaɓoɓin yatsu, da gefen babban yatsa, da bayan dunduniya. Littattafai kan ce a nemi ja, amma a baƙar fata ja ba ya cika fitowa. Nemi wurin da ya ƙara duhu, ko ya yi sheƙi, ko ya fi kewayensa ɗumi in ka taɓa da bayan hannu. Shatin da bai baje ba bayan kamar minti 20 yana nufin takalmin bai yi ba, a kai a buɗa wurin ko a haƙura da shi.

10. Kuɗina bai kai na shago ba. Gwanjo fa, ko in ba baduku ya ɗinka mini?

Tsada ba ita ce ma'auni ba. Gwanjo mai kyau ya fi sabo marar kyau, in an tantance. Matsalarsa ita ce ya riga ya ɗauki fasalin ƙafar wani. Ɗora shi a kan tebur ka duba ta baya: in ya karkata gefe, ko ƙasan ya cinye ta ɓangare ɗaya, bar shi. Duba ko rufin ciki ya yage a dunduniya. Wanda ka zaɓa, zare tsohuwar shimfiɗar ka sa sabuwa, ka wanke shi ya bushe sarai.

Ɗinki kuwa, Sakkwato ba ta rasa fata ba. Fatar jar akuyarta ta yi suna a duniya saboda laushi, dukawa kuma sun iya aikinsu. Kai wa baduku zanen kwalin tambaya ta 4, ka gaya masa dalla-dalla: gaba mai faɗi da zurfi, ɗinki ya koma waje, ciki a shimfiɗa fata mai laushi, ƙasa roba mai kauri, gam da zare kawai ba ƙusa, a sa maɗauri. Wannan ya wadatar ga mai ƙafar da ba ta karkace ba. Bai maye gurbin takalmin asibiti ba.

11. Ni manomi ne a fadama, ƙanena kuma ɗan kabu-kabu. Me za mu sa?

Mai aikin albasa ko shinkafa a Kwalkwalawa ko Wurno ba shi da abin da ya fi dogon takalmin roba, duk da gumin da yake tarawa, saboda kututturen kara da ƙaya da tsayuwa cikin ruwa sun fi gumi illa. A sa shi da safa mai kauri, a tafi da ta canji, a cire lokacin hutu a tsane ƙafa, in an dawo gida a kife shi ya bushe. A gonar tudu tsidau yana huda siririn ƙasa, ƙarangiya kuma tana maƙale wa safa ta dinga sukar fata, sai an bi an tsince.

Mai babur, da wanda ake goyawa, hatsarinsu salansa ne da zafin inji da taɓa ƙasa da ƙafa in an tsaya. Rufaffen takalmi mai hawa har idon sawu ya dace, ba silifa ba.

12. Mata fa? Takalmin biki da lalle?

Mai tsinin dunduniya yana tura nauyin jiki gaba, kan ƙasusuwan gindin yatsu, daidai inda gyambo ya fi fitowa. Shafaffen nan marar kauri da ake zurawa shi ma ba ya karewa, kuma don kada ya fita ake sayensa a matse. Idan jinki lafiya yake kuma biki ya kama, ki je da mai kyau a ƙafa, ki sa na adon a zaune na ɗan lokaci. Idan kin rasa ji, ki bar shi gaba ɗaya. Lalle yana rufe launin fata, ya ɓoye duhun da ake nema a tambaya ta 9, ɗaure ƙafa cikin leda na sa'o'i kuma yana jiƙa fata. Kankare kaushi da reza kafin ƙunshi ya fi lallen kansa hatsari.

13. Ina da kanta a tafin ƙafa, yatsuna kuma sun lanƙwashe. Na kasuwa zai yi?

Da wuya. Kanta alama ce cewa nauyi ya taru a wurin, ita kanta kuma tana zama kamar tsakuwar da aka ɗinke cikin fata: kowane taku tana danna naman da ke ƙasa har jini ya taru, ya fashe ya zama gyambo. Baƙin ɗigo a cikin kanta yana nufin an kusa. Kada a ba mai yankan farce na yawo ko wanzami ya yanke ta, kada a sa maganin da ke cinye kanta. Ma'aikacin lafiya ne zai rage ta, sannan a gyara takalmin da ya haifar da ita, in ba haka ba za ta dawo.

Irin wannan ƙafa tana buƙatar takalmi mai ƙarin zurfi da shimfiɗar da aka ƙera bisa tafin mai ita, mai rarraba nauyi. Wasu ana yi musu ƙasa mai tauri da ɗan lanƙwasa a gaba, yadda ƙafa za ta mirgina ba sai yatsu sun tanƙwara ba. Idan tsakiyar ƙafa ya rushe ya zama tudu, sai an ƙera takalmin gaba ɗaya. Fara da likitan da ke duba suganka, ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ko Asibitin Ƙwararru, ko asibitin ƙashi na Wamakko, ya tura ka wurin masu ƙera ƙafar roba da takalman gyara. Asibitin Ƙashi na Dala a Kano yana da irin wannan sashe. In an samu, a gida da waje ake sa shi. Wanda ke ajiye shi sai zai fita unguwa ya bar rabin takunsa ba kariya.

14. Gyambon ya riga ya fito. Takalmi mai kyau zai warkar da shi?

Ba zai warkar ba. Gyambon tafin ƙafa ba ya rufewa muddin ana taka shi, kowane irin magani ake sawa. Abin da ya fi aiki shi ne filasta irin ta karaya da ake naɗawa har ƙasan gwiwa, ko wani takalmin asibiti mai tsawo da ke ɗauke nauyi daga wurin, tare da wanke mikin, da maganin ƙwayoyin cuta in sun shiga, da daidaita suga. Likita ne zai zaɓa, domin ba a rufe ƙafar da jininta ya yi ƙaranci sosai ko mikinta ya ruɓe. Kada ka koma cikin takalmin da ya jawo gyambon, kada kuma ka cusa ƙafa mai bandeji cikin takalmin da ka saba sawa. Bayan an warke ma da sauran aiki: kusan kashi 40 cikin 100 gyambon kan dawo musu cikin shekara guda, shi ya sa takalmin tambaya ta 13 ya zama na dindindin.

15. Me zan dinga dubawa kullum, kuma yaushe zan canza takalmi?

Kafin ka sa, kife shi ka bubbuga, sannan ka zura hannu har ƙarshe. Tsakuwa, da tsabar kuɗi, da abin wasan yara, da kunama duk ana samu. Juya ƙasan ka ga ko ƙusa ta shige. Da dare ka duba ƙafa sama da ƙasa da tsakanin yatsu, da madubi ko hoton waya, ko wani ya duba maka in ido ya raunana. Shafa mai a dunduniya da tafi, ban da tsakanin yatsu. Takalmi ya gama aiki in ƙasansa ya cinye gefe ɗaya, ko shimfiɗar ta lotse ba ta tasowa, ko rufin ciki ya yage, ko bayansa ya kwanta, ko da samansa yana sheƙi.

Bororo, ko tsaga mai fitar da ruwa, ko yatsan da ya yi baƙi, ko wari, ko kumburi da zafi a ƙafa ɗaya ko da babu rauni, duk na zuwa asibiti ne a ranar ko kashegari, ba na jiran ranar ganin likita ba. In da zazzaɓi, a tafi nan take. Kafin a isa, a wanke da ruwa mai tsabta, a rufe da bandeji, a daina takawa, kada a fasa bororon, kada a zuba toka ko garin magani. A tafi da takalmin da ake sawa kullum likita ya duba cikinsa.